Daɓen Ɗakin Inna

Daura,
makon farko bayan Ƙaramar Sallah.

Ƙanena Misbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sadiya da yara, kuma kun yi Sallah lafiya. Allah ya maimaita mana. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Duk sanda na kira ka, da na buɗe baki sai injin yankan tayil ɗin nan naka ya hau kuka, ka ce “Yaya, zan kira,” daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na rubuta, na ɗauki hotonta na turo maka, ka karanta ko kana so ko ba ka so.

Yaya Nu'uman ya zo gaisuwar Sallah daga Kaduna da sha tara ta arziki, har da wani kafet mai laushi da ya sa aka shimfiɗa wa Inna, bango zuwa bango. Washegari da la'asar ya leƙa ɗakin, ya tarar tana sallah ta bar alƙibla a gefe, fuskarta tana kallon ƙofa. Da ta idar ta tashi za ta fita, sai ta yi tuntuɓe, goshinta ya bugi bakin kabad. Ba wani rauni ba ne, ɗan kumburi ne, amma a gabansa aka yi. Ka san tun bara likita ya ce jijiyar idon ce ta mutu, ba yanar ido ba ce da za a cire. Yaya bai yi wata-wata ba, ya kira ni zaure ya ce bayan Babbar Sallah zai zo da mota ya tafi da ita Kaduna, ta zauna a gidansa.

Ka san Inna da kunyar ɗan fari. Mutumin da ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce “na Kaduna”, shi za ta yi wa musu? Da ya gaya mata ta ce to, Allah ya kai mu, ta kau da kai. Yana fita ta ture kwanon tuwo. Na lallaɓa, na roƙa, sai can ta ce min, “A ɗakin nan na yi wankan jegonku, daga nan aka fitar da mahaifinku. Yanzu a kai ni inda babu muryar da zan ji in gane mai ita.” Wallahi Misbahu sai da na fita tsakar gida na yi kuka.

Tun ranar ta rikice. Duk sallah sai ni ko Baba Laraba maƙwabciyarta mun juya ta, ni kuwa daga unguwar Tudun Wada nake tahowa, ga ɗinkin mutane jibge a kaina.

Ga abin da nake so. Kai kana can Abuja kana gyara wa masu kuɗi ɗakuna har su ga fuskarsu a ƙasa, ɗakin uwarka kuwa daɓen simintin zamanin Baba ne, duk ya farfashe ya yi ramuka. Ina zaton wani ramin ne a ƙarƙashin kafet ya kayar da ita. In aka gyara ƙasan nan ya zama sumul, ko Yaya zai sassauta. Na auna ɗakin da tef ɗina na ɗinki: tsawo ƙafa goma sha huɗu, faɗi goma sha biyu. Sauran lissafi naka ne.

Inna tana sa maka albarka. A gai da Sadiya.

Yayarka,
Mardiyya.

Abuja,
daga bakin aiki.

Yaya Mardiyya,

Amin wa alaikumus salam. Ina wuni, ina gajiya, ya maigidan, ya yara? Na karanta takardarki a zaune kan buhun siminti, har abokan aiki suna tambaya ko sammaci aka aiko min. Na ce kusan haka ne.

Kin yi min gori kuma na ji, amma kin taki sa'a. Mun gama wani gida a makon jiya, mai gidan ya bar min ragowar tayil ɗinsa, kwali tara cif. Ba irin mai sheƙin nan ba ne da tsoho zai taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa ya tafi. Ruwan ƙasa ne, ba ya santsi, kuma ba ya nuna datti.

Ga lissafin, ki ajiye don kada gobe ki ce auta bai san aikinsa ba. Tsawo sau faɗi, ɗakin ya ba da ƙafa ɗari da sittin da takwas. Kwali ɗaya guda goma sha biyu ne a ciki, yana rufe ƙafa ashirin da ɗan wani abu. Kin ga kwali takwas ke nan da ɗan ɗoriya. Mu kuma a ƙa'idarmu ba a sayen tayil daidai wa daida, sai an ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda yanka a gindin bango da wanda zai fashe. Tara ke nan, kamar don Inna aka rage shi. Na yarda da awonki, tela ba ya kuskuren awo, sai dai na alkawari.

Zan ba direban da ke zuwa Daura ranar Juma'a. Kafin in samu sarari in zo, ki sa lebura su naɗe kafet, su fasa tsohon daɓen gaba ɗaya, a zuba sabo a baje shi daidai, a bar shi ya sha iska. In na zo yini biyu ya ishe ni. Zan bi bangon da ya fi miƙewa in ja layi, in Yaya Nu'uman ya shigo sai ya cire hula.

Ki ce wa Inna ta ci tuwonta, auta na nan tafe.

Ƙaninki,
Misbahu mai tayil.

Kaduna,
ƙarshen watan Shawwal.

Zuwa ga ƙannena, Mardiyya da Misbahu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, amin.

Labari ya iso mini cewa ana shirin sanya tayil a ɗakin Inna. Tunda na ji kun koma rubutu, ni ma na bi sahu, domin kada a ce ba a ji abin da na ce ba.

Ban hana ba. Gyaran gidan mahaifi lada ne, Allah ya saka muku. Sai dai ina so ku sani wannan ba zai canza abin da na yanke ba. Ba daɓe ne damuwata ba. Na ga mahaifiyata, wadda ba ta taɓa wasa da sallah ba, tana sujada wajen ƙofa. Na san Allah ba zai kama ta ba, amma ni zai tambaye ni. Mardiyya tana da gidan miji da sana'a, ba za ta yi ta sintiri sau biyar a rana har abada ba. Baba Laraba ita ma tsohuwa ce. A nan akwai ɗaki na gyara, akwai asibitin ido kusa, akwai masu kama mata hannu dare da rana.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina roƙonku kada ku sa mata rai da abin da ba zai yiwu ba. Da zarar an gama hidimar layya ina tafe, in Allah ya yarda. A fara haɗa mata kayanta a hankali.

Ku huta lafiya.

Yayanku,
Nu'uman.

Daura,
farkon watan Zulƙida.

Misbahu,

Sallama da gaisuwa, a gai da iyali. Yau ba ni da bakin tsokana, garin neman gira mun rasa ido.

Tayil ya iso, guda uku sun fashe a hanya. Na sa an fasa daɓen kamar yadda ka ce, an zuba sabo. Inna ta ƙi zuwa gidana kafin a gama, wai in ta kuskura ta fita ƙofar zaure motar Kaduna za ta tarar. A rumfar tsakar gida muka kafa mata gado. Da sabon daɓen ya bushe na kama hannunta na shigar da ita, ina ta washe baki ina jiran albarka. Ta cire takalmi, ta ja ƙafa nan, ta ja can, ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki. Sai ta ce, “Mardiyya, ina ramina?”

Ashe ramukan nan da muke zagi da su take gani. Akwai ɗaya a ƙafar gado, daga shi tsaga ta miƙe a karkace. Sai ta bi tsagar da babban yatsa har inda Baba ya taɓa yin wani faci mai kaushi, ta dasa diddige a nan, inda tsagar ta nufa nan ne gabas. Akwai wani ramin a bakin ƙofa da ke gaya mata ta ɗaga ƙafa. Tun da idon ya tafi ba ta taɓa saɓa alƙibla ba sai ranar da aka rufe mata su da kafet. Kuma ba rami ne ya kayar da ita ba, bakin kafet ɗin ne. Na ce Inna, don Allah me ya hana ki faɗa? Ta ce, “Kyautar na Kaduna ce. Da wane bakin zan ce a ɗauke?”

Da na sani da naɗe kafet kawai zan yi. Yanzu kuwa ni da hannuna na sa an fasa mata hanya da guduma, an kwashe a baro. Ɗakin da ta yi rayuwarta a ciki ya zama mata baƙon wuri, kuma in ka zo ka shimfiɗa tayil sumul, mun gama taya Yaya aikinsa.

Na yi ta juya abin a raina ina kan keken ɗinki, har na ga wata hanya. Tsakanin tayil da tayil ai akwai layi, kuma ƙafa tana jin sa. Me zai hana a bar bin bango, a jera tayil ɗin duka a karkace, layinsa ya nufi alƙibla? Duk inda ta tsaya a ɗakin sai ta shafa ta san gabas. Na roƙi Malam Dabo, limamin masallacin unguwa, ya shigo da ɗan kamfas ɗinsa. Da farko shi da wayar maigidana suka yi ta saɓani, sai da aka matsa daga tagar ƙarfe suka yarda da juna. Mun ja zare, na bi shi da gawayi. Layin bai bi kowane bango ba, kuma bai tafi kusurwa sosai ba, tsaka-tsaki ya ratsa.

Sai magana ta biyu, ka yi haƙuri. Wajen jan zaren na lura ɗakin ya fi faɗi ta ciki. Na sake aunawa: bangon ƙofa goma sha biyu ne kamar yadda na faɗa maka, amma na ƙurya goma sha uku ne. Baba lanƙwasar lungu ya bi da ya yi ginin. Da can kabad ne ya tare min, na auna guda na ɗauka ɗan'uwansa ma haka yake.

Ka faɗi duk abin da za ka faɗa, na cancanta. Amma ka faɗa min ko zai yiwu.

Yayarka,
Mardiyya.

Abuja.

Yaya Mardiyya,

Gaisuwa da ban girma. Na karanta, na ajiye, na zagaya gini, na dawo na sake karantawa. Maganar ramin Inna ta hana ni cin abincin rana. Ni na ce a fasa, don haka kada ki ɗauki kayan ke kaɗai.

Amma bari in gaya miki gaskiyar aiki. Da ƙarin faɗin nan ɗakin zai ci guda ɗari da biyu ko ba a yanka komai ba. In aka jera a karkace, duk tayil ɗin da ya taɓa bango sai an yanke shi, bango huɗu, ba biyu ba. Asarar ta tashi daga ɗaya cikin goma, ta kusa biyu. Muna neman wajen ɗari da ashirin, a hannunmu kuwa ɗari da biyar ne tunda uku sun mutu a hanya. Na zaga dilolin da na sani, irinsa ya ƙare a kasuwa. Wanda ya yi kama da shi kuma ya fi shi kauri, zai bar baki, bakin da zai kama yatsan tsohuwa.

Sannan dabararki tana da rami, Yaya. Tayil mai kusurwa huɗu ne, layinsa biyu ne, ɗaya ya miƙe ɗaya ya gicciye. Ƙafa ba za ta san wanne ne na gabas ba. In ta kama na gicciye ta koma gidan jiya.

Da na zo nan a tunani na kusa rubuto miki a haƙura. Sai na tuna facin Baba mai kaushi. Akwai tayil na tsakar gida mai ƙurji-ƙurji, ko da safa mutum ya taka zai ji. In muka jera ɗakin a karkace yadda kika ce, sai mu cire takwas daga cikin jerin mu sa masu kaushin, biyu a faɗi huɗu a tsawo, daidai darduma, tsawon yana kallon alƙibla. Biyu su taho daga ƙafar gado su shigar da ita ta baya, don kada kai ya zama ƙafa. Biyu a bakin ƙofa. Kin ga kwali guda ke nan, ya ba ta hanyarta, ya kuma cike mana giɓi. Ki je shagon Ɗantsoho mai kayan gini a hanyar Mai'adua da tayil ɗinmu guda a hannu. Ki haɗa shi da mai kaushin baya da baya, in girma da kauri ba su zo ɗaya ba kada ki karɓa ko kyauta ne.

Ko da haka da saura, muna neman guda uku ko huɗu da babu su. Sai dai a fitar da su daga cikin yanke-yanke, guntun da ya faɗo daga wannan bango ya je ya zauna a wancan. Ni a wajen aiki zubar da guntaye muke yi, mai gida ya sayo wani. Ke ce kike fitar da riga da zane da ɗankwali daga atamfar da bai kamata ta isa ba. Ki gwada min a takarda kafin in sa inji, domin tayil in an yanke ba a ɗinke shi.

A gai da Inna, a ce mata auta bai gudu ba.

Naki,
Misbahu.

Daura,
ana saura mako guda Babbar Sallah.

Zuwa ga Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, barka da war haka. Ina gaisuwa da ladabi, a gai da su Anti da yara. Mun sami takardarka, kuma ba mu raina ko kalma ɗaya a cikinta ba. Ina neman izini in ba ka labarin abin da aka yi, hukunci kuma naka ne.

Zan fara da mai ɗaci. Inna da ramukan tsohon daɓe take gane alƙibla da ƙofa. Ranar da ka gan ta tana kallon ƙofa, kafet ne ya rufe su, ita kuma kunyarka ta hana ta faɗa. Kada ka ji komai, Yaya, kai rufewa ka yi da kyakkyawar niyya, ni kuwa fasa su na sa aka yi. Shi ya sa muka tashi mayar mata da abin da muka ɗauke.

Malam Dabo ya fitar mana da alƙibla a cikin ɗakin. Muka shirya a jera tayil a kan wannan layin, a sa masu kaushi a wurin sallah da ƙafar gado da bakin ƙofa. A shagon Ɗantsoho kwali ɗaya tak na samu da ya yi daidai da namu, shi ma a ƙarƙashin kaya aka tono shi. Matsalar ita ce a lissafi tayil ɗin ba zai isa ba, kuma babu irinsa a kasuwa.

Sai na tattaro takardun buhun siminti na yanka su girman tayil, adadin da muke da shi, ba ƙari ko ɗaya. Na rufe shagon ɗinki na shiga ɗakin da almakashi da alli. Na fara daga kan layin gawayi ina jerawa. Duk takardar da ta ci karo da bango sai in yanke, in sa wa guntayen biyu alama iri ɗaya, in bi ɗakin da rarrafe ina neman inda ragowar zai zauna. Jerin farko ya bar min fili a ƙurya kamar faɗin tabarma. Na kwashe na matsar da jerin kaɗan, na sake yanko takardu, giɓin ya ragu. Baba Laraba tana bakin ƙofa tana cewa ita tunda take ba ta taɓa ganin an ɗinka wa ƙasa riga ba. A karo na uku takarda ta rufe ɗakin kaf. Ƙananan guntaye duk na tura su inda gado da kabad za su zauna, inda ƙafa ba ta zuwa. Gwiwoyina har yau ba su yafe min ba.

Misbahu ya zo ya ga takardun a shimfiɗe. Bai ɗaga su gaba ɗaya ba. Ɗaya-ɗaya yake ɗauka, ya ɗora a kan tayil, ya zana, ya yanka, ya dasa. Yini biyun da ya yi alkawari suka zama huɗu, domin duk inda mai kaushi ya haɗu da mai laushi sai ya rufe ido ya shafa da tafin ƙafa, in ya ji baki ko kaɗan ya ɗaga ya sake. Wajen dasa na ƙarshe, a kusurwar bayan ƙofa, duk muna tsaye har da Malam Dabo. Guntun ya shiga kamar a nan aka halicce shi. Malam ya ce masha Allah, Baba Laraba ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Abin da ya rage na tayil ɗin duka bai cika faifai ba.

Inna ta koma ɗakinta shekaranjiya. Ba zan ce maka komai a kan yadda take yi ba, gani ya kori ji. Roƙona ɗaya ne: in ka zo, ka ba ta sallah ɗaya kafin a ɗauki kaya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Mardiyya.

Daura,
bayan Sallah.

Auta,

Barka da Sallah, an ci nama lafiya? Allah ya karɓi ibada. Nemi buhun simintinka ka zauna, ga labari.

Yaya ya iso da hantsi, da direba da manyan akwatuna biyu babu komai a ciki.  Ya shiga ya gai da Inna, ta amsa tana kallon bango kamar yadda ta saba. Ya dubi ƙasa ya ga tayil a karkace, ya ɗan yamutsa fuska, ka san shi da son abu a miƙe. 

Aka kira azahar. Ya miƙe zai tafi masallaci, sai ya tsaya a bakin ƙofa daga waje. Inna ta yi alwala a tsakar gida ta taho. Na zabura zan kama ta don sabo, ya ɗaga min hannu in zauna.

Misbahu, da ka ga uwarka. Ta taka masu kaushin bakin ƙofa ta shige ba ko dafa bango. Ta je gado ta ɗauki hijabi da darduma. Ta ja babban yatsa, ɗaya, biyu, ta shiga wurinta, ta shafa gefen dama ta shafa na hagu, ta warware darduma, dardumar ta sauka daidai a kai kamar da ido aka shimfiɗa. Ta ɗaga hannu ta kabbarta.  Yaya yana nan tsaye har aka tayar da sallah a masallaci, sai da gudu-gudu ya samu jam'i.

Da ya dawo ya cire takalmi da safa ya taka wurin da kansa, ya tsuguna ya shafa da hannu, ya daɗe a haka. Ita kuwa Inna, don ta ƙarasa shi, sai ta ce da ni da ƙarfi ai ba a bar baƙi da ƙishirwa. Kafin in motsa ta tashi, ta fita, ta ɗebo ruwa a randa, ta dawo ta ajiye kofin a gabansa, ko ɗigo bai zuba ba. Ya sha duka. Na ga idonsa ya yi ja, na yi kamar ban gani ba.

Unguwa kuwa ta ɗauka. Mata sai shigowa suke suna cire takalmi suna rufe ido suna gwadawa, har Inna ta fara korar su wai za su cinye mata kaushin. Mutum biyu sun nemi lambarka. Na ce sai sun biyo ta hannun mai yanka takarda.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Yaya ya kwana gidan abokinsa, da safe ya zo ya yi sallama, aka mayar da akwatunan mota yadda suka zo. Bai ce ya fasa ba, bai ce ya ɗaga ba. Inna ta ci tuwo har da ƙari, amma ɗazu ta tambaye ni ko na Kaduna ya bar wani saƙo. Na ce tukuna. In ya kira ka, ka kashe injin nan ka saurara.

Yayarka,
Mardiyya.

Kaduna.

Mardiyya da Misbahu,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya.

Inna ta zauna a ɗakinta. Ku gaya mata, ni ba za ta tsaya in gaya mata ba. Allah ya yi muku albarka, kun yi abin da ban hango ba.

Akwai abin da ban rubuta muku ba wancan karon. Ana yaye ni aka ba Kawu riƙona. Ku kun tashi a gabanta, ni kuwa tun daga nan ban taɓa yin wata guda a gida ɗaya da ita ba, ga shi furfura ta cika min kai. Na ɗauka wannan ce damar da ta rage mini.

Ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki. Misbahu, ɗakin nan na jikin zaure da aka mayar ma'ajiyar hatsi, ka samu lokaci ka auna shi, ka faɗa mini kwali nawa zai ci. Tunda ita ba za ta zo ba, ni zan zo.

Ku huta lafiya.

Yayanku,
Nu'uman.